Kailani da Ƙoƙon Inna Talatu

Kailani magini ba ɗan Tudun Wada ba ne, amma ai a zamanin da muke magana ba wanda yake ɗan Tudun Wada. Garin kansa jariri ne. Nasara ya yanka fili a bayan ganuwar Zariya, ya ce duk baƙon da ba shi da gida a cikin birni ya je can ya kafa bukkarsa. Sai ga mutane ta kowace kusurwa: Kanawa, Katsinawa, Nufawa, tsofaffin soja, leburorin hanyar jirgi, da waɗanda ba a tambayarsu abin da ya raba su da garinsu. Kailani daga wani ƙauye yake a ƙasar Kudan, ɗan magini jikan magini. Yana saurayi aka ɗebe shi cikin masu ɗaukar kayan soja lokacin yaƙin Jamus, ya taka har Kamaru da akwatin harsashi a ka. Da yawa daga cikin waɗanda suka tafi tare can aka bar su a gefen hanya, ba wanka ba salla. Shi ya dawo da ransa, da sanƙo a tsakar ka, da wani ƙishi wanda ruwan rijiya ba ya kashewa.

Aiki kam ya iya. In ya yi maka yaɓe, ƙadangare ma sai ya nemi wata hanya. Ga shi ba mai hayaniya ba, ga kunya. Amma da la'asar ta yi sanyi sai ya wanke hannu, ya naɗe ƙafar wando, ya tsallake Kubanni, ya nufi bayan bariki inda wata Bamagujiya mai suna Inna Talatu take sayar da burkutu. Ba ya dukan kowa in ya sha. Waƙar soja yake yi, ya kira sunayen matattu, ya yi kuka, sannan ya dawo gida harshensa ya ɓalle. Sau biyu yana sakin matarsa Ishatu cikin maye, sau biyu gari na wayewa yana tsugune a zauren wanta, Malam Isiyaku tela a Tudun Jukun, yana ba da haƙuri da hawaye. Kuma wallahi yana son matar nan. Abin da ya fi ba da haushi ke nan.

A karo na biyu Malam Isiyaku ya ce ƙanwarsa ba ta komawa. Kailani kuwa, don ya nuna da gaske yake, ya buɗe baki a gaban shaidu ya ce, "In giya ta sake wuce maƙogwarona, ko kurɓi ɗaya ne, a bakin igiyar da ta rage."

Malam Isiyaku ya ajiye allura ya ce, "Kailani, ka san abin da ka faɗa? Irin wannan ba a janye shi."

"Na sani, Malam."

Haka Ishatu ta koma ɗakinta da igiya ɗaya tak. Kowa a unguwa ya sani, ran da Kailani ya kurɓi giya aure ya mutu murus, babu biko babu kome.

Sai dai rantsuwa ba ta kashe ƙishi. Hannunsa ya riƙa rawa har tubali na suɓuce masa. Ya sha rubutu har ya gaji, ya ɗaura laya a damtse, ya tauna goro har haƙoransa suka rine. Ina! Da la'asar ta yi, ko shi ya manta hanya ƙafafunsa ba su manta ba. Wata rana ya tsinci kansa a bakin Kubanni, wando a naɗe, ya kasa tsallakawa ya kasa komawa, gumi na tsattsafo masa. Nan wani tsoho mai suna Nagoda ya same shi. Nagoda tsohon soja ne da ya koma fawa, gajere, mai ɗingishi, ga baƙar magana. Sun sha zama a tabarma ɗaya a gidan Inna Talatu kafin a daina ganinsa can. Bai yi wa Kailani wa'azi ba. Tulun da ya cika da ruwa ya nuna masa.

"Kai dogo, tunda ka riga ka naɗe wando, ɗaukar mini wannan. Akwai wani makaho a bayan masallaci, tun jiya randarsa a bushe."

"Baba, ni fa..."

"Na san inda za ka. Giya ba ta gudu. Kai ruwan tukuna."

Ya kai. Da ya juye, Nagoda ya leƙa ya ce randar ba ta cika ba. Ya koma ya sake ɗebowa. Daga makahon aka wuce gidan wata kuturwa. Kafin ya farga an kira magariba, wuyansa na ciwo, yunwa na cinsa. Ran nan ya shiga gida ya ci tuwo ya yi barci irin wanda rabonsa da shi tun kafin Kamaru.

Ashe Nagoda ba shi kaɗai ba ne. Su 'yan kaɗan ne, duk tsofaffin mashaya, suna haɗuwa a gindin wata tsamiya bayan rumfar mahauta ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. 'Yan gari na yi musu ba'a, suna kiransu 'Yan Gayyar Nagoda. Akwai Labaran ɗan dako, akwai Irmiya, wani Kirista mai gyaran fitilu a tashar jirgi, wanda yakan jira su a gindin itacen har su idar da salla. Ba a tambayar mutum asalinsa a wurin. Kowa sai ya faɗi yadda ƙishi ya yi da shi a makon, ba ƙari ba ragi, sauran su ce Allah ya ƙara rufa asiri. Daga nan a raba aiki: wane zai haƙa kabarin baƙo, wane zai yi jinyar leburan da ba shi da kowa, wane zai gyara dangar gwauruwa. Wanda ƙishinsa ya fi tsanani shi ake ba aikin da ya fi nauyi. Ba a karɓar lada, ba a karɓar tukwici, in ban da ruwan sha.

Nagoda ya ba Kailani labarin yadda abin ya faro. Shekarar annobar mura, lokacin da mutane ke faɗuwa ba mai ɗauka, ya saɓa diga ya shiga haƙa wa baƙi kabari. Sai da annobar ta lafa ya tuna bai leƙa gidan giya ba.

"Ni ba malami ba ne," in ji shi. "Fatiha ma da ƙyar nake kai ta gaci. Amma na lura, giya abokiyar mai tunanin kansa ce. Kana zaune kana tausayin kanka, sai ta zo ta zauna kusa da kai. Wani Allah ya ba shi tasbaha, wani ya ba shi azumi, mu gumi ya ba mu. In za ka ɗauki tulun wani, yi niyya kamar za ka ta da salla."

Irmiya ya ce su ma a littafinsu akwai magana mai kama da wannan. Nagoda ya ce, "To madalla. Ɗauki diga."

Kailani ya shiga da ƙarfinsa. Damina ta wuce, rani ya wuce, hannunsa ya daina rawa. Aka fara jin dariyar Ishatu a tsakar gida, har ta haifi 'ya mace aka sa mata Maijidda. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Duk yamma in ya yi sallama, sai Ishatu ta zo karɓar kayan aikinsa, ta matso kusa fiye da yadda karɓar fartanya ke bukata. Ya san shinshina shi take yi, bai taɓa nuna ya sani ba. Daga baya, da Nagoda ya rasu, Kailani ne ya gaje shi a gindin tsamiya har furfura ta kewaye masa sanƙo. Amma in tsofaffin unguwa za su ba da labarinsa, da ranar ɗakin Inna Talatu suke farawa.

Wata bazara ce, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Nagoda ya ce akwai ɗakin da gefensa ya rushe, in ruwan fari ya same shi haka zai danne mai shi. Na Inna Talatu ne. Tsufa ya cim mata, yanar ido ta rufe mata gani, ɗanta soja bai dawo daga yaƙi ba, yara masu ƙarfi sun ƙwace mata kasuwa. Ta bar bayan bariki ta dawo wata bukka a gefen Tudun Wada ta bakin rafi. Maƙwabta kuwa cewa suke ta girbi abin da ta shuka.

Labaran ya yi tsaki ya ce, "Matar da ta shayar da mu guba?"

Nagoda ya ce, "Ɗure ta yi maka? Da ƙafarka ka je, har da tafi. Kailani, kai ne magini, kai za ka ja aikin."

Kailani ya dubi Nagoda. Ya ce, "Baba, ana kai kura mahauta?"

"Ta daina dafawa. Ko tukunya ba ta iya ɗagawa. Tsohuwa ce kawai da rusasshen ɗaki."

Nan Nagoda ya yi kuskure, shi da ya kamata ya fi kowa sani. Ya aika mata cewa ranar Asabar ta sama za a zo a yi mata gayya, bai ƙara komai ba. A wurin Maguzawa kuwa ba a yin gayya a bushe. Wanda aka yi wa aiki shi yake dafa wa masu aiki giya, in bai yi ba ya zama mabaraci. Inna Talatu ba ta da labarin tsoffin abokan cinikinta sun tuba, ita dai ta ɗauka wajen yara suka koma. Allah sarki, sai ta kwance 'yar dawar da ta rage mata, ta jiƙa, ta bar ta ta tsiro, ta niƙa a durƙushe, ta dafa da lalube, ta ja tulun ta ɓoye a bayan danga.

Ranar Asabar tun da hantsi suka kama aiki. Suka ɗebo ƙasa a kududdufi, Kailani ya shiga ramin kwaɓi har gwiwa, sauran na miƙo ruwa da ciyawa. Bango ya tashi. Bayan azahar Irmiya ya koma tasha ya duba fitilunsa, Nagoda da Labaran suka tafi ɗauko ciyawar baibaya. Aka bar Kailani shi kaɗai yana taka ƙasar da za a yi yaɓen ƙarshe.

Ƙamshin ne ya fara iso shi. Ya waiga, sai ga tsohuwa tana jan tulu da ƙyar. Ta buɗe, ta cika ƙoƙo, ta ɗanɗana kamar yadda al'ada ta ce, sannan ta durƙusa a bakin ramin ta miƙa da hannu biyu.

"Sarkin aiki, naka ne na fari."

Tsohuwa a durƙushe ta miƙo maka abu da hannu biyu, wa zai bar ta a haka? Hannunsa ya karɓa kafin kansa ya yi tunani. Tirƙashi! Ga ta nan a tafinsa da ɗuminta, kumfa na tashi, tsaminta ya cika masa hanci. Miyau ya tsinke a bakinsa. Ya duba gabas ya duba yamma, ba kowa. Mai ƙoƙon ma ba ta gani. Wata zuciyar ta ce masa kurɓi ɗaya, don fita kunyar tsohuwa, wa zai sani? Amma rantsuwarsa ba da idon mutane ya ɗaura ta ba. In ya kurɓa, zai koma gida ya kwana a ɗakin macen da ba matarsa ba, ita kuma ba ta sani ba. Ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko a bakin daga.

Ya ce, "Inna, na bar ta."

"Tawa ka bari, ka koma ta yara. Sha ka ji bambanci."

"Duka na bari, Inna. Dukkanmu mun bari."

Ta ɗaga kai, fararen idanunta na nemansa. "To me ya kawo ku? Sadaka kuka kawo mini? Ni Talatu, da na shayar da bariki guda? Ban taɓa bara ba, ɗan nan. Dawar da zan ci har kaka na jiƙa muku."

Muryarta ta karye, kuma karyewar ta fi ƙamshin yi masa ciwo. Bai san dabarar magana ba, sai ya faɗa mata gaskiya tsagwaronta: saki biyu, rantsuwa a zauren tela, igiya ɗaya, da jaririya a baya. Ya ce, "Ba giyarki na raina ba, Inna. Wallahi ba abin da nake so yanzu kamarta. Amma in ta wuce nan, na rasa Ishatu."

Sai ta miƙo hannu, ya mayar mata. Ta riƙe ƙoƙon tana jinjina shi. Daga nan ta kifar da shi cikin ramin kwaɓi, ta kama bakin tulu ta tuntsurar da shi gaba ɗaya.

"Ba a gayya a bushe," in ji ta. "In masu aiki ba su sha, ɗakin ya sha."

Burkutu ya malale masa har gwiwa, ya fallatsa a wando da riga. Najasa ce, ya sani. Amma tsawa ta fara gurnani, bango na nan tsirara, kuma ba wata ƙasar. Ya ci gaba da takawa, hawaye na zuba. Da Nagoda ya dawo da damin ciyawa ya ja hanci, ya tsaya cik. Kailani ya ce, "Baba, ban sha ba." Nagoda ya ƙura masa ido, ya dubi kifaffen tulu, ya dafe kai ya ce, "Laifina ne. Miƙo ƙasa, hadari ya taso." Suna ɗaure ciyawar ƙarshe ruwa ya tsuge.

Abin da ba su sani ba, wata mai ɗiban ruwa a rafi ta hango Kailani da ƙoƙo a hannu. A Tudun Wada kuwa labari ya fi jirgin ƙasa gudu.

Kailani ya isa gida da magariba, a jiƙe. Ya yi sallama zai shiga, sai ya ga Ishatu tsaye da goyo, ƙunshin kayanta a gefe. Ba ta matso karɓar fartanya ba, warin ya riga ya kai mata daga inda take. Ta ja mayafi ta rufe kanta yadda ake yi wa baƙon namiji.

"Malam, a dakata daga zaure. Babu maigida a gidan nan."

"Ishatu, na rantse da..."

"Rantsuwa nawa na ji a bakin nan?" Ba ta ɗaga murya ba. "In ruwa ya tsagaita zan tafi gidan Yaya. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya koma zaure ya zauna a ƙasa. Mutumin da ya sha yin ƙarya, ran da ya faɗi gaskiya ba shi da mai saya. Ƙishin ya taso masa fiye da ɗazu, yana raɗa masa cewa tunda an tafi an tafi, Kubanni bai cika ba tukuna. Ya rungume gwiwoyinsa ya riƙe su da ƙarfi don kada su tashi. Yana jin motsinta a ciki tana ɗaure tasoshi.

Can sai ya ji muryar Nagoda a ƙofa yana faɗa da taɓo. Bayansa ga Irmiya, goye da Inna Talatu, an lulluɓa mata buhu. Ita ta matsa a kawo ta, tun da ta ji Nagoda yana cewa warin nan zai iya kashe aure. Irmiya ya sauke ta a bakin zaure ta ciki, maza suka ja baya.

Ishatu ta fito, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce wa mijin, "Wannan ce shaidarka?"

Inna Talatu ta ce, "'Yata, ki tsane ni, kin yi daidai. Amma ni ba na ƙarya a kan ƙoƙo. Shekara da shekaru ina zuba wa mijinki. Idona ya mutu, hannuna bai mutu ba. Bai taɓa mayar mini da ƙoƙo da nauyi ba sai yau. Yadda na miƙa masa haka ya dawo da shi, ko kumfar ba ta kwanta ba. Abin da kike ji a wandonsa ne, ni na zuba."

Ishatu ta tako har gabansa. Yau ba ta fake da karɓar komai ba, a gaban mutane ta ce, "Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Ta sunkuya ta shinshina, ta sake shinshinawa. Goro ne da yunwa. Mayafin ya zame daga kanta, ba ta gyara ba. Ta juya da sauri ta shige ciki don kada a ga fuskarta, amma duk sun ji shesshekar. Da ta dawo, tulun ruwa ne a hannunta da sabulu da wani wandon.

"Cire wannan ƙazantar kafin ka shigo mini ɗaki."

Ta juya za ta koma, sai idonta ya faɗa kan tsohuwar da ke karkarwa cikin jiƙaƙƙen buhu. Ba ita ta yi wa magana ba, mijinta ta tambaya.

"Ita kuma wannan, ta ci abinci?"

Kailani ya ce, "Dawarta duka tana jikin bango."

Ishatu ta yi tsaki mai tsawo, ta shiga madafi ta ƙara gari a tukunya. Tun daga ran nan akushi ɗaya yake fita daga gidan kowace yamma, Kailani ne mai kaiwa, har Inna Talatu ta rasu. Ishatu ba ta taɓa zuwa gaishe ta ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarta ba. Amma in miya ta yi kaɗan, nata tuwon take ci gaya.